Ƙwari da Kwari

Talata da dare, rani, 2007

Yau na yanke hukunci kan manhajar da zan ɗora wa shafin ƙungiyarmu ta manoman tumatir. Wuni guda na yi a kafen intanet a Kano ina gwada guda biyu, har wuyana ya sage.

Ta farkon kam kyakkyawa ce, cikin minti goma na girka ta. Amma da na rubuta "ƙwari sun faɗa wa tumatir a Kadawa", sai ta cinye ƙ da ɗ, ta zuba min alamar tambaya a gurbinsu. Ta biyun mummuna ce, ga nawa kamar jakin da aka yi wa lodin taki. Sai dai duk harafi mai ƙugiya ya fito tsaf da ƙugiyarsa.

Bayan isha'i na kai wa shugabanmu, Alhaji Sabo, takardun da na buga. Idonsa na kan mai kyan. Ya ce, "Kai Malam, ka cika tsirfa. Rubuta babu ƙugiyar mana, ai kowa zai gane."

Na ce, "Alhaji, in na rubuta a yi wa kwari feshi, mutanen Bunkure fadama za su bi da magani, tsutsa tana can tana shagali."

Ya yi dariya har da tari, ya turo min takardar mummunar.

Ban san ko girka ta a shafinmu zai yi sauƙi ba ko a'a. Amma gara jakin da zai kai kayana cikakke.