Kuncin Baba na Hagu

Zuwa ga ƙanina Baoshan,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Ruifang da 'yarku. Kullum da safe idan na kunna turare a gaban hoton Inna sai na ambaci sunanka, na roƙa a tsare mini kai daga sanyin tekun Busan da injinan ma'aikatar kifin nan. Mu nan sanyi ya shigo da ƙarfinsa, mun jiƙa kabeji mun rufe tuluna. Mijina Mancang yana nan da tarinsa. Gwaggo Yulian kuwa ƙafa ce kawai ta gaza, baki yana nan da kaifinsa.

Maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu, kuma ba mai daɗi ba ce. Na gaya maka a waya cewa faɗuwar da ya yi a lokacin kaka ta zo da sauƙi, ya tashi, yana tafiya, yana faɗa da kowa kamar da. Haka ne. Ya ma koma kujerarsa a ɗakin da muke haɗa burushin aski. Ka san tsarinmu: mu wanke gashin dage, dabbar dajin nan, mu taje, mu bubbuga shi a ƙoƙon tagulla har kawunan su daidaita, mu ɗaure, almakashi ba ya kusantar bakin gashi. Sannan a miƙa wa Baba, ya rufe ido ya shafa a kuncinsa na hagu, ya ce wannan gashin wuya ne, ajin farko, wannan na ciki ne yana suka, a jefa a kwandon masu araha. To, kuncin nan ya mutu, Baoshan, shi kuma bai sani ba. Ranar da ya dawo aiki na miƙa masa wani ɗauri mai kaushi kamar tsintsiya, ya shafa, ya lumshe ido, ya ce rabon da ya ji laushi irin wannan har ya manta.

Tun daga ranar, da ya ci abincin rana ya kwanta sai in koma in sake tantance komai a kuncina. Mai sayenmu daga birni ya aiko yana yabo, wai kayan bana sun fi na bara. Baba ya yi ta baza labari a shagon shayi, yana cewa yaran zamani su zo su ga aikin tsoho. Gwaggo ta ja ni gefe ta ce in ci gaba da wasa da wuta, amma ranar da asiri ya tonu kada in kawo mata kukana, ita ma nata ya ishe ta.

Makon jiya ya tonu. Hannunsa yana rawa, ya ce in aske masa gemu. Na tayar da kumfa na shafe masa hagu tas, na koma dama. Sai ya daka mini tsawa, wai wane irin sakarci ne wannan, a gidan uban wa na ga ana farawa da dama, in fara da hagu. Ya kai hannu wajen, ya dawo da yatsu cike da kumfa, ya daɗe yana kallonsu. Ya karɓi burushin ya shafa hagu, ya shafa dama, ya sake shafa hagu. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun kaka. Ya tambaya to wa ya tantance kayan da aka yaba, na ce ni ce. Na ɗauka zai zage ni, da ma zagin ya yi. Cewa kawai ya yi in share masa fuska.

Bai sake taka ɗakin aiki ba. Yana kwance fuska ga bango, kunun gero sai an yi da gaske yake kurɓa, ya rame har wuyansa ya fito. Na durƙusa na ce ya zo ya zauna ko ba zai taɓa komai ba. Ya ce kujerar nan daga uba take zuwa ɗa, ba a taɓa jin mace ta yanke hukuncin gashi a gidan nan ba, kuma ba zai ci abinci da daɗi ba sai ya ga ɗansa a kanta. Tun ina budurwa nake taje gashin nan har yatsuna suka tsattsage, kai kuwa ko na wuya da na ciki ba ka rabewa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba, na shiga kicin na yi kuka mai isata. Amma ubanmu ne, kuma ina kallonsa yana ƙarewa.

Ka gaishe mini da Ruifang, ka shafa mini kan 'yarku Xiaoman. Mancang da Gwaggo suna gaishe ka. Kada ka jira Sabuwar Shekara, ban ga alamar zai kai ba idan aka ci gaba a haka. Ka zo ka zauna a kujerar ya gan ka. Aikin kada ya dame ka: ni zan tantance kafin ya tashi, kai ka shafa a kunci, ka rufe ido, ka faɗi abin da na gaya maka.

Yayarka,
Guizhi