Sunan da Harwell Ya Laƙaba Mini

New York, Afrilu 1783

Yaya Juba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ƙafar nan kuma ta yi sauƙi. Bayan haka, an gama yaƙi, Ingila ta sha kaye. Mu da muka gudo wurin sojan Sarkin Ingila don ya yi mana alkawarin 'yanci, yanzu muna cikin haɗari. Wai takardar sulhu ta ce kada a fita da dukiyar Amurkawa, kuma har da mu a dukiyar, kamar dawakai. Masu bayi sun cika gari. Jiya a kasuwar kifi aka fizge wani mutum rana tsaka, kowa na kallo.

Na samu takardar shaidar 'yanci, an ba ni wuri a jirgin da zai tafi Nova Scotia, ƙasar da har yanzu ke hannun Ingila. Amma wallahi ba na so in tafi in bar ki a Virginia. A nan kowa Kwaku yake kirana. Sunan Pompi da maigida Harwell ya laƙaba mini na baro shi a gonar taba, sunan da ko Inna ba ta furta shi sai in mutumin yana tsaye bayan ƙofa.

Ki ba da amsa ta hannun matuƙin jirgin da ya kawo wannan wasiƙa. Allah ya tsare ki.

Ƙanenki,
Kwaku

New York, Yuni 1783

Zuwa ga ƙanena Pompi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarka ta iso gida, kowa ya yi murna. Maigida ya yafe maka, ni ma ya 'yanta ni, ya kawo ni nan da kansa, ya koma. Ina masaukin baƙi na bakin kogi, mai jar ƙofa. Pompi, ka zo ran Laraba da hantsi, kai kaɗai, ka taho da takardarka in gani.

Ka huta lafiya, Pompi.

Yayarka,
Juba

Cikin jirgi, Yuli 1783

Yaya,

Ina gaishe ki. Na ji. Har sau uku kika kira ni Pompi, alhali Inna sau ɗaya take yi.

Ran Laraba na laɓe a tsallaken titi. Na ga hular Harwell ta taga, da ƙarti biyu a ƙofa. Ke ce ban gani ba.

Wannan wasiƙar ba zan aika ba, don hannunsa za ta faɗa kamar ta farko. Tsoro nake ji, Yaya. Ban san abin da zai yi miki ba in ya gane kin gargaɗe ni, na dai san laifin da ya sa ya sayar da Inna bai kai wannan ba.

Sai wata rana, in da rabo.

Kwaku