Darɓar Tumfafiya

Kano, 6 ga Maris, 2005

Zuwa ga Yayana Sammani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Iya, yaya aikin noman rani a Bunkure? Allah ya sa kowa lafiya.

Darɓar waken da kake aiko min ta hannun Uba direba, ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu tsotse ganye, tana isowa da ranta. Jajayen ƙwarin nan masu ɗigon baƙi da nake kiwo a kwalabe suna cin ta kamar ba gobe. Waɗanda nake ba wa zuma da kwaiduwar ƙwai rayuwa kawai suke yi, amma masu cin darɓarka sun yi ɓul-ɓul, mace ɗaya ta zuba min ƙwai talatin jiya. A kan wannan bambancin zan rubuta aikina na ƙarshe.

Na san maƙwabta suna yi maka dariya don ka bar fangali guda babu feshi. Ka daure mako shida kacal, kamar yadda ka yi min alkawari. In ka yi feshi, babu darɓa, babu fitata daga makaranta bana.

Ƙanwarka,
Ummukulsum

Kano, 19 ga Afrilu, 2005

Yaya Sammani,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya da iyali. Ni dai ban da lafiyar zuciya.

Ranar da darɓar ta fara zuwa ruwan ɗorawa maimakon baƙa, na aika na tambaye ka. Ka rubuto cewa zafin rana ne ya sauya mata launi. Na yarda, don a gona aka haife ka, ni kuwa a littafi na san wake. Mako huɗu ina ɗura musu ita. Tsutsotsin jajayen ƙwarin suka tsumbure, rabi suka mutu, ƙwan ya ragu, wanda aka zuba ma ya ƙi ƙyanƙyashewa. Kullum ina auna su ina rubutawa, ina zargin hannuna.

Malamina kallo ɗaya ya yi mata ya ce darɓar tumfafiya ce, dafin itacen yana jikinta. Sai a bakin Iya na ji sauran: tun mako na biyu ka fesa fangalin, don an kira ka rago a bakin kwatar ban ruwa. Daga nan kake kakkaɓo min ta tumfafiyar gefen hanya, wai ƙwaro ai ƙwaro ne.

Ba feshin ne ya ƙona min rai ba, Yaya, gonarka ce. Da ka faɗa min da na nema a Kura. Ka ci amanata ne da ka zauna ka ɗauki biro ka tsara min ƙarya.

An soke aikin, sai baɗi in Allah ya kai mu. A gaban 'yan ajinmu Malam ya tambayi wanda yake tsinko min darɓar. Na ce ni ce da hannuna, ban iya bambancewa ba. Sun yi dariya sosai.

Ka gaida Iya. Kada ka yi min godiya.

Ummukulsum