Hannun da Na Ture

Litinin, 4 ga Maris

Jiya muka raka Malam Pun makwancinsa. Shekara casa'in da ɗaya, ba wanda zai ce an yi masa gaggawa. Amma na yi abin kunya a wurin, gara in rubuta tun kafin zuciyata ta fara gyara labarin.

Mun jeru gaban hotonsa yadda aka saba, wanda ya riga shiga makarantarsa ta koyon faɗa shi ne a gaba. Yaya Tim na farko, ni na biyu. Muka rusuna sau uku, muka soka sandunan turare a kasko. Ina ɗagowa sai na hangi hannu ta gefen ido ya nufo wuyana. Ban yi tunani ba. Hannuna na hagu ya tashi da kansa ya kaɗe shi waje, kamar yadda Malam ya dasa mana tun muna samari. Ƙarar ta fita tas, har mai busar makoki ya dakata.

Hannun Yaya Tim ne. A gaban Malam, a gaban ɗalibai fiye da sittin.

Ya yi taga-taga, ya dafa bango, ya dube ni. 'Yarsa Suk-Yin ta riƙe shi suka fita, ko abincin makoki ba su tsaya ci ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Ƙarfe shida ina gindin ceɗiyar bakin tafki. Bai zo ba. Dama tun sabuwar shekara yake kawo mini uzuri, yau mura, gobe baƙi, amma wannan rashin zuwan daban ne, na sani.

Shekara arba'in da ɗaya muna haɗuwa a nan. Mu fara da gwara sangalin hannu, ƙasa, tsakiya, sama, sau ɗari uku, sannan shi ya kawo duka ni in kare, sai mu juya. Yau da bishiya na gwara. Bishiya ba ta ramawa, ba ta kuma kiran mutum Kan Tulu yadda Yaya ke kirana. Ashe ina son sunan nan ban sani ba.

Asabar, 9 ga Maris

Gidan shayi. Lau mai gyaran babur ya zauna gabana ba gayyata, ya cinye mini ƙafar kaza biyu kafin ya buɗe baki.

"Yaya na biyu, gari fa ya ɗauka. An ce kujerar Malam kake so, shi ya sa ka ture hannun babba kowa na gani."

Na ce wace kujera? Ɗaki guda mai yoyo da gunkin katako na atisaye da gara ta ci ƙafarsa?

"To ka kai masa shayi mana. Gwiwa ɗaya a ƙasa, hannu biyu. In ya kurɓa, magana ta mutu."

Na ce shayin ban haƙuri na wanda ya yi da gangan ne. In na kai, na amsa ke nan cewa abin da suke faɗa gaskiya ne. Lau ya goge baki ya ce in yi ta zama da gaskiyata, amma Suk-Yin za ta tafi da babanta birnin Shenzhen ƙarshen wata, can zai zauna.

Ƙarshen wata. Kwana ashirin da biyu.

Laraba, 13 ga Maris

Na kira wayarsa. Ta yi ta ƙara har ta gaji.

Lahadi, 17 ga Maris

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, nan ma da ƙyar. Ranar nan, a ƙasan kunyar, na ɗan ji daɗi. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa kaɗe hannun Yaya Tim waje gaba ɗaya ba. Hannunsa nauyi gare shi kamar taɓarya, sai dai ka kauce ko ka sha. Ranar kuwa ya tafi fayau. Na ce a raina, ashe dai na kamo shi. Tir da ni.

Yau na tuna faɗan bakin kogi, lokacin muna lodin tukwane a jirgi. Waɗanda suka taso mana su huɗu ne, da gorar ɗaukar kaya. Shekarata takwas a makaranta, ina ji da kaina. Na ɗaga hannu yadda ake yi a aji, gwiwar hannu a ciki, tafi a buɗe, kyakkyawa abin a ɗauki hoto. Gorar ta bi ta kai ta fasa mini gira. Shi Yaya bai tsaya jiran duka ba. Kutsawa ya yi cikin jikin mutumin, ya tare gorar kusa da inda ya riƙe, wurin da ba ta da ƙarfi, ya watsa shi ruwa. Ta biyun da aka kawo wa kaina kuma ba dabara, hannunsa kawai ya sa. Na ji ƙashin ya ce ƙas.

Muna jiran mai ɗori yana gumi yana zagina. "Kan Tulu, rawa ka zo yi ko faɗa?"

Tun ranar na ɗaura wa kaina doka: ba na rage sauri saboda kowa. Wanda ya sassauta wa abokin atisaye duka, ƙarya yake koya masa, kuma a titi za a karɓi ƙaryar nan da jini. Ɗalibai nawa suka gudu saboda ni, Malam har ya daina ƙirgawa. Yaya ne kaɗai bai taɓa cewa in sassauta ba.

Ina kewarsa. To, na rubuta.

Talata, 19 ga Maris

Tsofaffin matan da ke atisayen nan na sannu-sannu a bakin tafki, mai kamar wankan jariri, sun gan ni ni kaɗai. Ɗaya ta ce, "Baba, zo ka shiga layi, ba ma cizo." Na gode mata. Na koma gida na shafa maganin Malam a hannu duk da ba abin da ya buge shi.

Juma'a, 22 ga Maris

Na haɗu da Suk-Yin wurin masu kifi. Ta so ta wuce, na tare hanya da kwandona.

Na ce, babanki har yanzu fushi yake?

Ta dube ni kamar ta kwaɗa mini kifin. "Kawu Sang, wane fushi? Kwana biyu kafin sabuwar shekara ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya taɓu. Da ƙyar ya tsaya a layin nan, ya ce ko da rarrafe sai ya rusuna wa Malam a gaba. Da ya ɗago jiri ya ɗebe shi. Kafaɗarka ya nema ya dafa."

Na tambaye ta me ya hana a gaya mini.

"Shi ya hana. Ya ce in ka sani za ka fara tausaya masa, gara ka zage shi."

Ban san yadda na iso gida ba. Kifin ma a can na baro shi.

Asabar, 23 ga Maris

Faɗuwa yake yi, ni kuma na ture shi. Har na ji daɗi.

Litinin, 25 ga Maris

Na kai shayin. Su Lau su faɗi abin da suka ga dama.

Yana zaune a kujerar gora bakin taga, akwatuna biyu a ɗaure bayansa. Ya rame. Hannun dama na kwance kan cinya. Na sa gwiwa a ƙasa na miƙa da hannu biyu, na ce Yaya, sha shayi. Ya daɗe yana kallon ƙoƙon, sai daga baya na gane tunanin yadda zai karɓa yake, don ba a karɓar irin wannan da hannu ɗaya. Ya tallabo na daman da na hagu, ya kawo su tare. Rabi ya zube a wandonsa. Ya shanye sauran.

"Ya huce, Kan Tulu. Shayi ma ba ka iya ba."

Na kasa tashi. Gwiwa ce, ba wani abu ba.

Suk-Yin ta ce tafiya tana nan ranar Lahadi. Likita ya ce sai an motsa hannun kullum, a nan kuwa ba mai yi, shi kuma ya ƙi zuwa asibiti matsa ƙwallon roba. Na ce ƙarfe shida ina ƙofa. Ta ce, "Kai? Ai ƙarasa shi za ka yi."

Alhamis, 28 ga Maris

Kwana uku a tsakar gidansu. Yana jingine da bango. Gwara hannu sau talatin, na hagu lafiya lau, na dama sai na ɗora nawa a kai na jira. Ya ce in kawo duka. Na ce ba yau ba. Ya ce, "Ka ga abin da nake gudu ko?" Ya juya ya shige ɗaki.

Lahadi, 31 ga Maris

Mijin Suk-Yin ya zo da mota tun biyar da rabi. An sa akwati ɗaya a baya. Yaya ya fito tsakar gida cikin rigar atisaye, ya ce wa 'yarsa ta tsaya ta gani da idonta. Naushi goma zan kawo wa ɓarinsa na dama. In ya kare rabi, ta bar shi har ƙarshen damina. In bai kare ba, ya shiga mota ba musu. Sannan ya juyo kaina.

"Ta san halinka, shi ya sa ta yarda. Kawo yadda ka saba."

Na kawo. Na farko ya same shi a ƙirji. Na biyu ma. A na uku hannun ya taso yana rawa, ya taɓa nawa, ya kai shi gefe. Bakwai ya kare cikin goma. Yana haki, gumi har gira, amma idon nan nasa na da ya dawo.

Suk-Yin ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ban ɗaga kai ba. Sai na ji ta ce wa mijinta ya sauko da akwatin.

Da suka shiga ciki Yaya ya zauna kan benci, ya ce, "Ka tsufa, Kan Tulu. Kakata ta fi ka sauri." Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.

Ban rage sauri ba. Gwiwar hannu ce ke damuna kwanan nan, sanyin safiya ne. Ina jin gobe ma za ta dame ni.