Tsagenka a Gefen Buhun Dusa

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta in rana ta take, ruwan randata a tsakiyar bazara, mijina, Baban Rahama.

Assalamu alaikum. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da ka tsallaka iyakar Magama ka tafi Maraɗi wurin Yaya Maimuna. Ba ka ɗaga waya, ba ka aiko kowa ba. Gidan nan ya koma kamar gulbi da rani: ga gaɓa, ga yashi, babu ruwa. Na san abin da ya kore ka, kuma ni na aikata shi. Shi ya sa na ɗauki biro da takarda, don abin da na ɓata a kan allon kwamfuta ba zan gyara shi a can ba.

Ka tuna ranar da barci ya kwashe ka bayan azahar a gindin darbejiyar tsakar gida? Haske yana ratso ganye yana sauka a kuncinka na hagu, a kan tsagen nan bakwai na Gobirawa da suka taso daga gefen baki suka nufi kunne, kamar kunyoyin gero bayan ruwan farko. Na bakwai ɗin, wanda ka ce motsi ka yi kana jariri askar wanzami ta goce, ya rabu a ƙarshe kamar sawun zabuwa. Shekara goma sha tara ina kallon ɗan sawun nan, ban ƙoshi ba! Ran nan na ɗauki hotonsa kana barci. Laifina na farko ke nan, don ban tambaye ka ba.

Ka san manhajar zanen da na koya wa kaina lokacin da aka rufe iyaka, cinikin atamfata ya tsaya. A cikinta mutum yakan zana ɗan abu guda, ya ajiye shi a matsayin burushi. Daga nan duk inda ya ja alƙalami a kan allo, sai abin ya yi ta maimaita kansa a jere. Wasu na ganye suke yi, wasu na taurari. Ni tsagenka na bi layi-layi na yi nawa. Wayyo, da ka ga abin da na yi da shi a ɓoye! Na ja shi ya zama ruwan sama, na lanƙwasa shi ya zama gulbi, na ƙanƙanta shi ya zama gashin tsuntsu. In ka tafi fataucin hatsi ka kwana uku, da fuskarka nake cika sararin sama.

Sai Alhaji Kalilu mai abincin dabbobi ya ba ni aikin zanen buhunsa.

Ranar da ka shigo da buhun, na ce maka kuskure ne, hannuna ne ya taɓa burushin ban lura ba. Ƙarya na yi maka, hasken raina, kuma ƙaryar ta fi buhun ƙona ni. Sau uku Alhaji yana mayar mini da adon gefen buhun, wai bai yi armashi ba, wai a Kano akwai waɗanda suka fi ni hannu. Raina ya ɓaci. Na ce bari in nuna masa abin da babu a Kano. Ina sane na zaɓi burushinka, na zagaye hoton rago da shi, ja a kan fari. Ya gani ya yi ta yabo, ni kuwa na kumbura kamar kwaɗo a damina. Na ce a raina, wa zai tsaya duba gefen buhu? Ni da na karance littattafai cikin kwali uku, ashe ban karanci mutanen kasuwar Jibiya ba, masu gane tunkiyar maƙwabci daga tabon kunnenta!

Rabe dillali ne ya fara ganewa. An ba ni labarin yadda ya ɗaga buhun kusa da kuncinka a tsakiyar 'yan hatsi, yana nuna sawun zabuwar da yatsa, ana ta ƙyaƙyata dariya. Aka ce tun ranar har 'yan babur Mai Dusa suke kiranka. Rabe fa! Mutumin da ko a buhun gawayi aka sa fuskarsa sai ciniki ya tsaya! In na tuna shi jinina tafasa yake. Amma in na gama zaginsa a zuci, sai in tsaya. Shi dariya kawai ya yi. Zanen nawa ne.

Ni da kunya ba ta taɓa barina na kira sunanka da bakina ba, ni ce na baje fuskarka a kasuwa. Alamar kakanninka, wadda aka zubar da jininka kana ɗan kwana bakwai aka yi, na mai da ita ƙawar abincin tumaki. Yanzu motoci suna wucewa da ita ta gaban 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito a kan iyaka, ana jibge ta a ƙasa, ana zama a kanta. Ina zan sa kaina? Ko bikin sunan gidan Hajjo maƙwabciyarmu ban iya shiga ba.

Kuma kai ma ina fushi da kai, ka sani. Da ka yi mini faɗa, da ka ɗaga murya har maƙwabta su leƙo, da na sami sauƙi. Sai ka saurari ƙaryata har ƙarshe, ka ninke buhun ka ajiye a kan allona, ka ɗauki hularka ka fita. Wane irin hukunci ne wannan, ya zumar rayuwata? A ina ka koyi yin shiru mai zafi haka?

Ga abin da na yi. Na je wurin Alhaji da ƙafata, na faɗa masa gaskiya kaina a sunkuye. Na yi masa sabon ado na ganyen wake, ya yarda ba za a sake buga na farko ba. Waɗanda suka riga suka fita ba ni da ikon dawo da su. Za su yi ta yawo har rana ta cinye jan. Ba zan ƙara maka wata ƙaryar ba. Sannan jiya da hantsi na buɗe manhajar na goge burushin. Na goge hoton. Na goge ruwan saman, da gulbin, da tsuntsayen duka, ban bar ko ɗaya ba.

Yanzu ba ni da kai a allo, ba ni da kai a waya. In ina marmarin sawun zabuwata, sai dai in je kasuwa in kalli buhu kamar kowa, kuma wallahi gara in makance. Wuri ɗaya tak ya rage mini: kuncinka.

Ka kawo mini shi gida, Baban Rahama. Ba zan ɗauki hoto ba, ba zan zana ba. Kallo kawai zan yi, in ka yarda in taɓa.

Taka ita kaɗai, mai jin kunyarka, mai sonka har ƙasa ta rufe mata ido,

Salmatu