Ƙorafi Kan Ƙwace Laƙabin Ɗan Sirri

Zuwa ga:
Shugabar Sashen Kula da Ma'aikata,
Babban Ofis, Hawa na Biyu.

Daga:
Babban Direba,
Ɗakin Direbobi, Bayan Gareji.

Litinin, 9 ga Yuni.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: ƘWACE MINI LAƘABINA SABODA WANI FIM, ANA GAB DA RITAYATA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da tarin fayil ɗin da ke kan teburinki, ina neman izinin gabatar da kokena. A tsawon aikina ban taɓa rubuta takardar ƙorafi ba, ko lokacin da aka haɗa ni da motar da ba ta tashi sai an tura. Wannan ce ta fari, kuma da alama ita ce ta ƙarshe, tunda ranar 30 ga wannan wata zan ajiye makulli.

Ranar Juma'ar nan, 13 ga wata, ofishinki zai aika wa mai zane sunan da za a rubuta a jikin kyautar gilashin da ake ba duk mai ritaya. Kamar yadda kika sani, a kamfanin nan laƙabin mutum ake zanawa, ba sunan takarda ba. Akwai kuma wata ƙa'ida da ba a rubuta ta ko'ina ba, wadda ta ce mutum biyu ba sa riƙe laƙabi ɗaya lokaci guda. To, nawa laƙabin, wato Ɗan Sirri, an ɗauke shi an ba wani ina raye, ina zuwa aiki. Ga yadda abin ya faru.

1. Ban roƙi sunan nan ba, ban kuma saye shi ba. Kusan shekara talatin ke nan, ranar da na zo gwajin tuƙi, na sanyo wata farar kwat ta ƙanin mahaifiyata, na shigar da motar Manaja da ribas ta tsakanin tankar ruwa da katanga, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan ina ɗaga wa mai abincin kantin. A lokacin gari ya ɗauka da finafinan nan na ɗan leƙen asiri da tsohon jarumin ke fitowa, mai farar kwat da murmushi, wanda zai jefo bos daga saman bene ya gyara wuyan rigarsa ya ce a kawo masa ruwa mai sanyi. Babban direba na wancan zamani, Allah ya jiƙansa, ya dube ni ya ce ga Ɗan Sirri nan ya iso. Tun daga ranar ban sake jin wani suna a harabar nan ba.

2. A farkon watan Mayu aka saki sabon fim a jerin, da sabon jarumi. Daga ranar ɗakin direbobi ya rabu biyu, har butar shayi ma sai da ta zama biyu. Mu 'yan bencin taga muna kan cewa ɗan leƙen asiri mutum ne mai fara'a da kaya masu guga. 'Yan bencin ƙofa kuwa sun ce wancan wasan yara ne, wai sai yanzu aka samu jarumin gaske, mai ciwo a zuciya, wanda ake duka ya kumbura. Jagoransu shi ne akawun sashen sufuri da ake kira Farfesa, wanda ba direba ba ne, ba shi da kujera a ɗakinmu, amma kullum yana ciki yana karanto mana ra'ayin mutanen duniya daga wayarsa. Shi ya ce tsohon jarumin ba ɗan leƙen asiri ba ne, mai tallan man gashi ne. Na haɗiye wannan magana saboda darajar kamfani, duk da ta tsaya mini a wuya.

3. Ranar Juma'a, 23 ga Mayu, aka aike ni filin jirgi ɗauko baƙi. Jirgi ya yi latti, kamar yadda Farfesa ya sani zai yi, domin shi ya rubuta takardar aiken. A bayan idona ya tara mutane, ya kawo shawarar cewa tunda an canza jarumi a fim, dole a canza shi a kamfani, wai sunan na muƙami ne, ba gadon gidanmu ba. Aka ɗaga hannu. Ina da shaidu cewa an ƙidaya hannun mai kawo ruwan roba, wanda ba ma'aikacinmu ba ne, da na wani baƙo da ya shigo neman banɗaki. Daga cikin 'yan bencina akwai wanda ya ɗaga hannu yana miƙa, aka haɗa da shi. Na dawo da baƙi lafiya na tarar ba ni da suna.

4. Wanda aka ba sunan shi ne Mai Sito. Hujjarsu wai ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa sai da ka, kuma yana zama shi kaɗai a cikin duhu tsakanin tayoyi, sak sabon jarumin. Ba ni da rigima da Mai Sito, mutumin kirki ne. Amma ya zama dole in sanar da ofishinki cewa fuskar nan da yake murtukewa ba ciwon zuciya ba ne, haƙorinsa na ƙurya ne ya lalace, yana tsoron likita. Duhun kuma ƙwan fitilar sito ne ya mutu tun bara, takardar neman sabo tana kan teburin Farfesa. Da kansa ya same ni a bayan gareji, hannu a kumatu, ya ce mini: “Baba, wallahi ko fim ɗin ban gani ba, ka karɓi abinka.” Na gode masa. Sai dai laƙabi ba a hannun mai shi yake ba, a bakin mutane yake, kuma bakin mutane ya riga ya juya.

5. Ba su bar ni haka ba, sun raɗa mini wani. Yanzu Na-Da suke kirana, wato wanda zamaninsa ya wuce. Maigadi, wanda ni na koya wa ɗansa mota, ya ɗaga mini ƙarfen get ya ce Na-Da an iso lafiya. Mai abincin kantin, 'yar waccan da na ɗaga wa hannu ranar gwaji, ta leƙo ta taga ta tambaya ko Na-Da zai ƙara miya. Ranar Laraba Manaja ya leƙo daga bene ya ƙwala kiran Ɗan Sirri, na miƙe har da ɓalla maɓallin kwat, ashe tayar sifiya yake nema a sito. Na tsaya a tsakiyar haraba ina duba agogo kamar da ma abin da ya fito da ni ke nan. Na ji kunya ƙwarai, Ranki ya daɗe, ba zan ɓoye ba.

6. Don kada a ce na yanke hukunci kan abin da ban gani ba, na sa 'yata ta kai ni sinima ranar Asabar da yamma. Ina gabatar da abin da idona ya gani. Jarumin nan tun daga farko har ƙarshe riga ɗaya ce a jikinsa, ba ta taɓa haɗuwa da dutsen guga ba. Gemunsa bai fito ba, bai kuma koma ba. Idan aka yi masa tambaya sai ya kalli taga, har sai da na zaci na'urar sinimar ce ta tsaya. Ya shiga banɗaki ya sakar wa kansa ruwa da kayansa a jiki yana kuka, 'yata tana taya shi. Ya doki bos, maimakon ya faɗi wata magana mai daɗi, sai ya zauna a ƙasa kusa da shi yana haki. Tuƙinsa kuwa, a matsayina na wanda ya ci abinci da sitiyari, ina cewa da a nan yake da tuni takardarsa ta iso teburinki: ba sigina, ba duba madubi, ƙafarsa kullum a kan kuloci, mota uku ya kashe bai rubuta rahoto ko ɗaya ba. Farfesa ya ce wannan shi ne zurfi. Ni dai na ga mutum mai buƙatar barci da matar da za ta yi masa faɗa.

7. Na ji ana raɗe-raɗin cewa Ranki ya daɗe ma ta kalli fim ɗin har sau biyu. Ni ba na bin jita-jita, sai dai ni na kai ki duka biyun. Ra'ayin da kika bayyana a kujerar baya a hanyar dawowa, game da idanun jarumin da yadda yake tafiya, bai fita daga motar ba, ba kuma zai fita ba. A nan nake so a duba cancanta. Manaja huɗu na tuƙa. Na san wanda ke cewa yana taro alhali yana wajen mai gyaran sanƙo. Na san wanda ya yi kuka a mota ranar da hukumar gudanarwa ta kira shi. Na san gidajen da aka ce in tsaya nesa da su in kashe fitila. Ko matata ba ta taɓa jin ɗaya ba, kuma ta yi ƙoƙari. Ba barazana nake yi ba, Allah ya kiyaye. Ina dai tambaya ne cikin ladabi, idan ni ba Ɗan Sirri ba ne yanzu, da wane suna zan ci gaba da riƙe waɗannan abubuwa, tunda Na-Da bai yi wa kowa alkawari ba.

8. Adalci ya sa in ambaci wuri ɗaya a fim ɗin. Gab da ƙarshe, an kira jarumin ofis, ya ajiye katin shaidarsa da makulli a kan tebur, ya bi ta tsakiyar mutanen da ya yi wa aiki shekara da shekaru. Kowa kansa a duƙe yana rubutu. Ya kai ƙofa ya ɗan tsaya, ba wanda ya kira shi, ya fita. A nan ban ga laifin shirunsa ba. 'Yata ta miƙo mini hankici, na ce mata sanyin na'urar ɗakin ne ya shiga idona. Tsohon jarumin bai taɓa yin ritaya ba, shi ya sa bai koya mini yadda ake yin wannan tafiyar ba. Ban faɗa wa Farfesa wannan ba, ina kuma roƙon kada ya ji.

9. Ranar Alhamis da ta wuce, masinjan ofishinki ya kawo takardar ritayata ɗakin direbobi. Ya tsaya a ƙofa ya karanta sunan da ke jikin ambulan. Ba wanda ya amsa. Ya sake karantawa, 'yan bencin ƙofa suka ce babu mai wannan suna a nan, ya gwada sashen gyara. Ina zaune a gabansa da kofin shayi a hannu. Sai da ya juya zai tafi na tuna ni ne. Matata Malam take ce mini, 'ya'yana Baba, jikokina Kaka, wadda ta saba kirana da wancan suna kuwa mahaifiyata ce, kuma ta daɗe da rasuwa. Idan aka zana shi a gilashi aka kira shi a lasifika ranar walimar ritayata, mutane za su waiga su ga ko wani baƙo ne aka gayyato. Idan kuma aka zana Na-Da, da shi jikokina za su girma suna gani a kan kabad.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon Ranki ya daɗe da abubuwa kamar haka. Na farko, a zana Ɗan Sirri a jikin kyautata, da ƙugiyar Ɗ ɗinta, kada mai zane ya yi ganganci. Na biyu, a liƙa sanarwa a allo cewa ƙuri'ar 23 ga Mayu ba za ta fara aiki ba sai ranar 1 ga Yuli. Ba na jayayya da zamani, sun ce zamanin murtuke fuska ne, na ji. Aron sunan nake nema zuwa ƙarshen wata, ranar kuma ni da bakina zan kira Mai Sito da shi a gaban kowa, bayan na ajiye makulli. Na uku, a ba Mai Sito hutun kwana biyu da takardar asibiti, a kuma sa masa ƙwan fitila, sannan a ga ko 'yan bencin ƙofa za su ci gaba da sonsa idan ya fara dariya. Na huɗu, a tuna wa Farfesa inda teburinsa yake. Na ƙarshe, ranar walima, ke ce za ki fara riƙe lasifika, kuma sunan da ya fara fita daga bakinki shi ɗakin zai bi. Ina roƙon ya zama wanda zan ji in miƙe.

Idan kuwa ofishinki na ganin na cika ƙorafi kan abin da bai taka kara ya karya ba, ina da sharaɗi mai sauƙi. Ban rubuta sunana na takarda ko'ina a cikin wannan koke ba. Fiye da shekara goma ina buɗe miki ƙofar mota. Idan kika iya tuna shi yanzu, ba tare da kin buɗe fayil ba, na janye ƙorafina gaba ɗaya, a zana duk abin da aka ga dama.

Ina jiran hukuncinki cikin biyayya, da godiya kan lokacin da kika ba tsohon direba. Allah ya ƙara girma, ya sa ki gama naki aikin ana kiranki da sunan da kike so.

Naki mai biyayya,

Ɗan Sirri,
Babban Direba.