Yoyo a Ɗakin Inna

Ƙofar Sauri, Katsina.

Zuwa ga Kawu Salihu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Anti Safiya da yara. Ya kasuwa, ya damina? Ni ce Ramla.

Na rubuto ne don waya tana hannun Inna, in na kira tana ji. Direban motar Funtuwa zai kawo maka takardar.

Tun da aka sallamo mu bayan aikin cire mahaifa da aka yi mata saboda ciwon daji, ɗinki ya kame, tana ɗan takawa. Sai dai akwai yoyo a ɗakinta. Kullum shimfiɗa a jiƙe, ina wanki safe da yamma, ga rana ba ta fitowa sosai. Ta hana masu dubiya shiga. Ta ce kar in gaya wa kowa.

Kawu ka taimaka. Ka yi haƙuri da rubutuna.

Taka,
Ramla.

*

Funtuwa.

Ramla 'yar Kawu,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, mun gode Allah da jiki ya yi sauƙi. Ai Innarki Furera tun muna yara haka take, ko ƙaya ta taka sai ta ɓoye. Yoyon ɗaki abin kunya ne? Wa damina ta bari bana?

Na yi wa Gwadabe kafinta waya, zai zo ya duba kwanon. Kafin nan ki ja katifar gefe, ki tara roba. Ki gaishe ta da jiki.

Kawunki,
Salihu.

*

Ƙofar Sauri.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a gaida mutanen gida.

Malam Gwadabe ya zo da tsani. Ya hau ya zagaye kwanon duka, ya sauko ya ce ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba, wa ya ce ɗakin nan yana yoyo? Na sunkuyar da kai. Inna tana ciki tana jin tafiyarsa a samanta. Da ya tafi ta kira ni ta ce, “Ke kika kira shi?” Na ce e.

Kawu ba kwano ba ne. Na ji nauyin rubuta maka sunan abin, shi ya sa. Fitsari ne. Tun bayan aikin yake zubo mata, ba ta iya riƙewa, ba ta ma sanin ya fito.

Yanzu ta daina shan ruwa don ya ragu. Ko kunu sai ta kurɓa kaɗan ta ture. Leɓenta ya bushe ya tsage, jiya kuma zazzaɓi ya kama ta, tana riƙe kwiɓi. Tana cewa alwalarta ba ta tsayawa, sai ta zauna kan dadduma ta yi ta kallon bango.

Na roƙe ta mu koma asibiti. Ta ce, “Na nuna musu jikina sau ɗaya. Ya isa.”

Ni ba ta jin maganata. Kai ne babba.

Ramla.

*

Funtuwa.

Ramla,

Salamu alaikum. Laifina ne da ban tambaya ba. Gobe da safe muna tafe da Safiya, ita za ta fara shiga. Ki haɗa zannuwa da katin asibiti. Kar ki ce mata komai.

Salihu.

*

Asibiti, Katsina.

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan ka koma lafiya, Anti tana nan tare da mu.

An ƙara mata ruwa, an sa mata robar fitsari, zazzaɓin ya sauka. Likitar mace ce. Ta ce hakan yana faruwa bayan irin wannan aiki, in wurin da ke yoyon bai toshe da kansa ba za a gyara, amma sai jiki ya huta tukuna. Ta ce ƙin shan ruwan ya fi yoyon haɗari. Wata tsohuwa a gadon kusa ta ce wa Inna mai irin wannan lalura alwala take yi kowace salla ta tayar, an yafe mata sauran. Inna ta sa Anti ta tambayo malami, ya ce haka ne. Ta yi azahar a zaune.

Da Anti tana magana. Ni har yanzu ba ta yi mini ba, tun ranar da ta ga ka shigo. Amma ɗazu ta miƙo mini kofi ba ta dube ni ba, na cika mata, ta shanye.

A gaida yara.

Taka,
Ramla.